Tarihin George Snell, Masanin Da Ya Ƙare Rayuwarsa Cikin Kiwon Ɓeraye

Duk wanda ya ji labarin dashen ƙoda ya san likitoci ba su farawa sai sun auna jinin mai bayarwa da na mai karɓa, sun ga ko sun dace. In ba su dace ba, jikin mara lafiyar sai ya ɗauki ƙodar abokiyar gaba, ya yaƙe ta har ta lalace. To, mutumin da ya share fagen gane dalilin wannan ba likita ba ne.

An haifi George Snell a ƙasar Amurka cikin shekarar 1903. Ya yi karatu a kwalejin Dartmouth, sa'an nan a Jami'ar Harvard, inda ya gama a 1930. Daga nan ya nufi Texas wurin Hermann Muller, ya nuna hasken nan da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi yana sauya ƙwayoyin gado na ɓera. A 1935 ya koma ɗakin bincike na Jackson a garin Bar Harbor, bai sāke barinsa ba.

Ga dabararsa. Akwai zuriyar ɓeraye da aka yi ta haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa har suka zama tamkar tagwaye. In an dasa wa ɗayansu ƙarin da aka ciro daga ɗan'uwansa sai ya kama, amma a jikin wata zuriya ba ya kamawa. Snell ya haɗa zuriyar biyu, ya riƙa zaɓen 'ya'yan da su ke ɗauke da halin ƙin ƙarin, yana mayar da su ga zuriyar farko, haihuwa bayan haihuwa, har ya sami ɓeran da ba shi da bambanci da na farko sai a wuri guda. Wannan wurin kuwa shi ne abin nema. Aiki ne na shekaru, wanda malami mai garaje ba ya iyawa. Ana tsaka da shi, a 1947, gobarar daji ta cinye ɗakin binciken da dubban ɓerayensa. Snell ya sāke ɗaukowa daga tushe.

Wani Baturen Ingila, Peter Gorer, ya riga ya ga wata alama a jinin ɓera. Da suka gwada, ashe abu ɗaya su ke bi, suka sa masa suna H-2 a 1948. Gorer ya rasu a 1961, bai ga ranar yabo ba.

Mutane dai ba a kiwonsu kamar ɓeraye. Jean Dausset na Faransa ya gano irin wannan alama a fararen ƙwayoyin jinin mutum a 1958, watau farkon abin da a ke kira HLA. Daga baya, a 1980, Robert DeMars da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka raini irin waɗannan ƙwayoyin a kwalba, suka buga musu haske mai ƙarfi, suka tsince waɗanda suka rasa wata alamar HLA. Kowace aka gwada ta da uwarta, a ga abin da ya ɓace. A ganina dabarar Snell ce aka mayar cikin kwalba. Ta haka aka gano ƙwayoyin gadon da a ke kira TAP a 1990.

A 1980 ɗin nan aka ba Snell kyautar Nobel, tare da Dausset da Baruj Benacerraf. Ya rasu a Bar Harbor ran 6 ga Yuni 1996, yana da shekara 92.