Sarkin Musulmi Attahiru II da Lambar Satiru

Muhammadu Attahiru na biyu ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne, jikan Muhammadu Bello. Ya hau karaga a watan Maris 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Attahiru na farko kuma ya yi hijira gabas. Lugga ne ya tabbatar da naɗinsa. Ka ga tun ranar farko sarauta ce mai igiya a ƙafa.

Jarrabawarsa ta zo a Fabrairu 1906. Talakawa da bayin da suka tsere sun taru a Satiru, ƙasar Dange, nan maƙwabtanmu mu na Boɗinga da Dingyaɗi, suka kashe Turawa uku da sojojinsu. Sarki ya zaɓi ɓangaren Turawa. Ranar 10 ga Maris aka rushe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, ya kuma la'anci duk wanda ya sake gini a wurin.

Tukuicinsa lambar CMG, wadda Ingila ta ƙirƙiro a 1818 da sunan waliyyan Kirista biyu. Gefe ɗaya Mika'ilu ne ya take Shaiɗan, ɗaya gefen Waliyyi Joj bisa doki yana sukar dodo. Yau masu tara tsofaffin lambobi na sayen irinta a gwanjo.

Ya rasu a 1915. Wasu na cewa ya tsare Sakkwato daga halaka, wasu na cewa ya ba da talakawa. Ɗalibi, in ka ga lambar girma, tambayi abin da aka biya kafin a rataya ta.