Rinus Michels: maciyin ƙwallaye da ya koya wa Holande ƙwallon gayya

Duk mai bin tamaula ya san sunan Johan Cruyff da Marco van Basten, amma ba kowa ya san mutumin da ya tsaya a bayansu ba lokacin da suka yi manyan ayyukansu. Sunansa Marinus Michels, aka fi saninsa da Rinus. An haife shi ranar 9 ga watan Fabrairun shekara ta 1928 a birnin Amsterdam na ƙasar Holande, ya kuma tashi a wata unguwa da ke dab da filin wasan Olampik na birnin. A shekara ta 1940 ya shiga sahun yaran ƙungiyar Ajax, sai dai yaƙin duniya na biyu, musamman yunwar da ta afka wa ƙasar a ƙarshen 1944, ya kawo masa tsaiko.

Ranar 9 ga watan Yunin 1946 aka saka shi cikin manya karo na farko, domin ya maye gurbin wani ɗan wasa da ya ji rauni. Ajax ta lallasa ADO Den Haag da ci 8 da 3, biyar daga ciki kuwa yaron mai shekara 18 ne ya zura su. Daga nan bai sake barin Ajax ba har ya ajiye takalmi. Ya buga wasa 264 na gasar ƙasa, ya ci ƙwallo 122, ya ɗauki kambun ƙasa sau biyu, a 1947 da 1957.

Waɗanda suka gan shi a fili ba su taɓa kiransa gwanin yanka ba. Ƙaƙƙarfa ne, mai iya buga ƙwallo da ka, ba ya gajiya, ba ya tsoron karo. Abin da ƙafa ta hana shi, da gumi ya same shi. A ƙungiyar ƙasa kuwa bai taki sa'a ba: sau biyar ya sa rigar Holande tsakanin 1950 da 1954, duka biyar an ci su, shi kuma bai zura ko ɗaya ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A wancan zamani ƙwallon Holande na ƴan sha'awa ne, sai a 1954 aka yarda a fara biyan ƴan wasa albashi, saboda haka gwanayen ƙasar da dama suka tafi ci-rani Faransa da Italiya. Ciwon baya ya tilasta masa barin wasa a 1958, yana da shekara 30.

Ya yi karatun koyar da motsa jiki, ya zama malami a wata makarantar kurame a Amsterdam, yana kuma horar da ƙananan ƙungiyoyi irin su JOS. A watan Janairun 1965 Ajax ta shiga uku, tana neman faɗawa rukuni na biyu, sai ta rabu da Baturen Ingila Vic Buckingham ta kira tsohon ɗan gida. Wasansa na farko suka ci MVV 9 da 3, suka tsira a wannan shekara da kyar. Shekara ta gaba suka zama zakarun ƙasa.

A nan ne ainihin aikinsa ya fara, kuma ba da dabara ya soma ba, da horo ya soma. Ya tarar da ƴan wasa masu shago da masu aikin ofis, waɗanda sai da yamma suke zuwa atisaye. Ya matsa wa shugabanni su biya su yadda za su bar sauran sana'o'i, ya ƙara yawan atisaye, ya riƙa killace su a sansani kafin manyan wasanni. Mutanen da ya yi wasa da su jiya, yau ya ja musu layi. Saboda tsananinsa aka laƙaba masa Janar, saboda shirunsa kuma aka kira shi Sphinx, wato gunkin nan na Masar da ba a gane abin da ke cikinsa.

Ranar 7 ga Disamban 1966, cikin hazo mai kauri, Ajax ta ci Liverpool ta Bill Shankly 5 da 1 a Amsterdam, Turai ta farga. Amma a zagaye na gaba Dukla Prague ta fitar da su, kyaftin Frits Soetekouw ya ci gida da kansa, Michels kuwa bai yi wata-wata ba ya raba shi da ƙungiyar. Haka yake. A wannan kaka Ajax ta ci ƙwallo 122 a gasar ƙasa, daidai adadin da shi ya tara cikin shekara goma sha biyu. A 1969 suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, AC Milan ta koya musu hankali da ci 4 da 1 a Madrid. Ya koma gida ya rage ɗan gaba ɗaya ya ƙara ɗan tsakiya, ya kawo sabbin jini irin su Johan Neeskens. A 1971, a filin Wembley, suka doke Panathinaikos ta Girka 2 da nema suka ɗauki kofin.

Salon da ya fito daga wannan aiki shi ne mutanen Holande ke kira totaalvoetbal, mu kuwa sai mu ce ƙwallon gayya. In ɗan baya ya haura gaba, wani ya sauko ya rufe gurbinsa. In ƙwallo tana ƙafarsu sai su buɗe fili ya yi faɗi, in ta kuɓuce sai su matse shi, su yi wa mai ita taron dangi tun a gidansa, ƴan baya su turo gaba domin abokan karawa su faɗa satar gida. Abin lura shi ne, tsohon ɗan gaba ne ya ɗora wa ƴan gaba aikin tsaro, ya hana su tsayawa jiran a kawo musu. Ba daga sama ya tsinto wannan ba. Ya ɗan yi wasa ƙarƙashin Jack Reynolds, Baturen da ya daɗe yana koyar da wasan kai hari a Ajax, kuma da babu Cruyff a fili da wuya tsarin ya yi kyawun da ya yi. Dole kuma a faɗi gaskiya: Feyenoord ta Ernst Happel ta riga su kawo kofin Turai Holande a 1970, sannan bayan tafiyarsa Ajax ta sake ɗauka a 1972 da 1973 ƙarƙashin Stefan Kovacs, mai sanyin hali, wasu ma na ganin a lokacin ta fi ƙayatarwa.

A 1971 ya koma Barcelona ta Espaniya. Cruyff ya bi shi a 1973, suka je har gida suka ci Real Madrid 5 da nema a Fabrairun 1974, suka ɗauki kambun da ƙungiyar ta yi shekara 14 tana nema. Yana cikin wannan aiki aka damƙa masa ƙungiyar Holande, ƴan watanni kafin gasar cin kofin duniya ta 1974 a Jamus ta Yamma. Ya mai da ɗan tsakiya Arie Haan baya, ya ɗauko gola Jan Jongbloed mai shekara 33 saboda ya iya fitowa ya taka da ƙafa. A wasa shida suka ci 14, aka ci su ɗaya, ita ma Ruud Krol ne ya ci gida. Ajantina ta sha 4, Birazil mai riƙe da kofi ta sha 2. Ranar 7 ga Yuli a Munich, Neeskens ya ci fenareti a minti na biyu kafin Bajamushe ko ɗaya ya taɓa ƙwallo. Sai suka tsaya wasa da wuta maimakon su ƙara. Paul Breitner ya farke, Gerd Müller ya ƙara kafin hutun rabin lokaci, kofi ya zauna a Jamus.

Shekarun da suka biyo baya na yawo ne: Ajax, Barcelona inda ya ci kofin Sarki a 1978, Los Angeles Aztecs a Amurka, FC Köln inda ya ci kofin Jamus a 1983. Ya dawo ƙungiyar ƙasa, ciwon zuciya ya katse masa aiki, ya warke ya sake dawowa a 1986.

Gasar Turai ta 1988 ita ma a Jamus ta Yamma aka yi. Ya fara da ajiye Van Basten a benci, kasancewar bai daɗe da tashi daga jinyar idon sawu ba, Tarayyar Sobiyet ta ci su ɗaya da nema. Janar ya sauya shawara, Van Basten ya zura wa Ingila uku. Ranar 21 ga Yuni a Hamburg suka fitar da masu masauki da ci 2 da 1, abin da mutanen Holande suka yi shekara 14 suna jira. Kwana huɗu bayan haka, a filin nan na Munich da ya sha kashi a 1974, Ruud Gullit ya ci da ka, Van Basten ya kaɗa wata daga lungu tun ba ta sauka ƙasa ba, suka doke Sobiyet 2 da nema. An ga dattijon a bakin fili ya dafe fuska don mamaki. Har yanzu wannan ne kaɗai babban kofin da ƙungiyar maza ta Holande ta taɓa ɗauka.

Bai rabu da taurin kai ba. Kafin kofin duniya na 1990, yana babban jami'i a hukumar ƙwallon ƙasar, manyan ƴan wasa suka nemi a ba Cruyff ƙungiyar, shi ya tsaya kan Leo Beenhakker. Holande ta dawo daga Italiya ba tare da cin wasa ko ɗaya ba, kuma da yawa sun ɗora masa alhakin. Ya karɓi ƙungiyar da kansa karo na ƙarshe, Danmak ta fitar da su da bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai ta 1992, daga nan ya yi ritaya.

A 1999 hukumar FIFA ta naɗa shi mai horaswa na ƙarni. Ya rasu ranar 3 ga watan Maris na 2005 a garin Aalst na ƙasar Beljiyam, bayan an yi masa aikin zuciya, yana da shekara 77. Kyautar da ake ba mai horaswa mafi ƙwazo a Holande sunansa take ɗauke da shi.