Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Likitan Da Ya Ƙi Ɓoye Ƙanjamau

An haifi Olikoye Ransome-Kuti a Ijebu-Ode a 1927. Ya shahara a likitancin yara kafin Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi ministan lafiya a 1985. A zamaninsa ne, cikin 1986, Nijeriya ta sanar da ɓullar ƙanjamau, cutar da ke hallaka ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 sannu a hankali, har jiki ya kasa tare cututtuka irin su tarin fuka. A Agustan 1997, sa'ad da iyalai ke rufe zancen saboda gudun tsangwama, ya shaida wa manema labarai cewa ita ce ajalin ƙanensa, mawaƙi Fela, abin da ba kowane wa zai iya ba. Ya rasu a Landan a 2003.