Rolf Sievert: Ɗan attajirin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen auna gubar da ido ba ya gani

Da safiyar Litinin 28 ga watan Afirilun 1986, ƙararrawa ta kaɗa a tashar nukiliya ta Forsmark da ke bakin teku a ƙasar Suwidin. Na'urar da ke binciken ma'aikata a bakin ƙofa ce ta gano burbushin nukiliya a takalmin wani ma'aikaci. Nan take aka fitar da yawancin ma'aikata, aka shiga bin tashar lungu-lungu ana neman inda ta yi yoyo, amma ba a ga komi ba. Ashe daga waje mutumin ya tako burbushin. Da masana suka duba irin sinadaran da ke cikinsa, suka kuma bi sawun iskar kwanakin, sai zargi ya koma kan Tarayyar Sobiyet. A daren ranar ne hukumomin Mosko suka amsa cewa an yi haɗari a tashar Chernobyl ta Yukiren, wadda ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Forsmark. Tun daren 26 ga watan tashar ta fashe, amma an yi gum.

Ba sa'a ce kawai ta sa Suwidin ta riga kowa fallasa lamarin ba. Ƙasar ta daɗe da ɗabi'ar auna tururin nukiliya dare da rana, ko akwai matsala ko babu. Mutumin da ya dasa wannan ɗabi'a ya rasu shekaru 20 kafin Chernobyl. Sunansa Rolf Maximilian Sievert, kuma da sunansa ne duniya take lissafin illar wannan tururi a jikin ɗan Adam a yau.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Sievert a birnin Stockholm ranar 6 ga watan Mayun 1896. Mahaifinsa, Max Sievert, Bajamushe ne da ya koma Suwidin da zama, ya yi arziki da kasuwancin injuna, sannan ya kafa masana'antar wayoyin lantarki a Sundbyberg. Ya rasu a 1913, lokacin Rolf yana da shekaru 17, ya bar wa iyalinsa dukiya mai yawa. Saurayin ya ɗan taɓa karatun likita, ya taɓa na injiniya, bai zauna a ko ɗaya ba, daga bisani ya tsaya kan kimiyyar fiziks a jami'ar Uppsala, inda ya kammala a 1919.

Zamanin da ya tashi a cikinsa zamanin ɗokin sabon abu ne. Watanni kaɗan kafin haihuwarsa, Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya fito da hoton ƙashi. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyum. Likitoci suka lura cewa wannan haske, da tururin da radiyum ke fitarwa, suna iya ƙone ciwon sankara, sai aka rungume su hannu bibbiyu. Matsalar ita ce, abin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma mutum ba ya jin zafinsa a lokacin da yake ratsa shi. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ido bai san komi ba.

Don haka da ƙiyasi ake aiki. Likita yakan haska majinyaci har sai fatarsa ta yi ja, wannan jan shi ne ma'auni. Idan awon ya gaza, sankara ta dawo. Idan ya zarce, a bar mutum da gyambon da ba ya warkewa. Su kansu ma'aikatan ba su tsira ba. Da yawa sun rasa yatsu, wasu hannuwa, wasu kuma cutar jini ta kashe su. A 1936 an kafa wani dutsen tunawa a birnin Hamburg na Jamus, ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikata 169 na ƙasashe daban-daban da wannan aiki ya ci rayukansu.

Ɗan ƙaramin ɗaki a asibitin sankara

Wajajen 1920 Sievert ya haɗu da Gösta Forssell, babban likitan da ke jagorantar Radiumhemmet, asibitin masu sankara na Stockholm. Forssell ya fahimci cewa likita shi kaɗai ba zai iya wannan aiki ba, sai da masanin awo a gefensa. Sievert ya karɓi aikin a wani ɗan ƙaramin ɗaki, yana sa kuɗin aljihunsa wajen sayen kayan aiki. A 1921 ya fitar da wani lissafi da ke nuna yawan tururin da ke isa kowane gefe na allurar radiyum da ake sa wa majinyaci, lissafin da har yanzu ake kiran sa da sunansa. A 1924 aka naɗa shi shugaban sashen fiziks na asibitin.

Daga nan ya ƙera na'urar da ta fitar da shi. Wani ɗan kwanso ne mai iska a ciki, wanda ake cika wa cajin lantarki. Duk lokacin da tururi ya ratsa iskar, sai cajin ya ragu. Idan aka auna abin da ya ragu, an san abin da ya ratsa. Kwanson ba ya buƙatar waya, ana iya liƙa shi a jikin majinyaci, ko a sa a aljihun ma'aikaci, ko ma a aika da shi ta gidan waya zuwa wani asibiti a dawo da shi a karanta. A kan wannan hanyar awo ya rubuta kundin digirinsa na dakta a 1932.

Bai tsaya a Stockholm ba. Tun tsakiyar shekarun 1920 ya kafa tawagar da ke zagaya asibitocin ƙasar tana gwada injunansu, domin awon da aka ba majinyaci a babban birni ya zama daidai da wanda za a ba shi a ƙaramin gari. A nan ne ra'ayinsa ya fito fili: mai injin ba shi ne zai shaidi injinsa ba, dole wani daga waje ya zo da nasa ma'aunin. A 1941 Suwidin ta kafa dokarta ta farko ta kariya daga tururi, aka damƙa wa cibiyar Sievert aikin sa ido, shi kuma ya zama farfesa a cibiyar Karolinska a wannan shekara.

Daga asibiti zuwa iska da ƙasa

A 1928, a babban taron likitocin haske da aka yi a Stockholm, an kafa kwamitin duniya na kariya daga hasken hoton ƙashi da radiyum, Sievert yana cikin waɗanda suka aza harsashinsa. Wannan kwamiti ne ya zama hukumar ICRP a 1950, wadda yawancin ƙasashe ke kwaikwayon shawarwarinta a dokokinsu. Sievert ya shugabance ta daga 1956 zuwa 1962.

Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945, batun tururi ya fita daga ɗakin likita ya shiga gidan kowa. Manyan ƙasashe suka dinga gwajin bam a sarari, iska tana kwasar burbushin tana zubarwa inda ta ga dama. A watan Maris na 1954, wani gwajin Amurka a tsibirin Bikini ya yayyafa toka kan jirgin masuntan Japan 23, ɗayansu ya mutu bayan watanni. Hankalin duniya ya tashi, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin masana na UNSCEAR a 1955 domin tattara awo daga ko'ina. Sievert ya riƙe shugabancinsa daga 1958 zuwa 1960, shekarar da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga watan Fabrairu.

Abin da ya fi damunsa a waɗannan shekaru shi ne ɗan ƙaramin awo da mutum ke sha kullum har tsawon rayuwa. Ya lura cewa ba za a iya cewa tururi ya ƙaru a wani wuri ba sai an san yadda wurin yake tun asali, domin duwatsu da ƙasa da sararin sama, har da jikin mutum, duk suna fitar da nasu. Saboda haka ya gina ɗakin gwaji a cikin dutse a Stockholm, inda ya auna ɗan tururin da ke fita daga jikin mutane masu lafiya. A cibiyarsa ne Bengt Hultqvist ya yi binciken da ya fito a 1956 kan iskar radon da ke taruwa a cikin gidajen kwana. Sannan ya sa aka kafa tashoshin awo a sassan ƙasar, masu rubuta yawan tururin da ke cikin iska ba tsayawa. Shekara da shekaru suna nuna kusan abu guda, kamar aikin banza. Amma wannan dogon lissafi ne ya sa duk ranar da awo ya ɗaga, babu mai iya musu.

Abin da tashoshin nukiliya suka gada

Gobarar da aka yi a tukunyar nukiliya ta Windscale a Ingila cikin watan Oktoban 1957 ta nuna inda haɗarin yake bi. Sinadarin ayodin mai lamba 131 ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, ya shiga nono, daga nono kuma yakan taru a maƙoshin yara. Sai da aka zubar da nonon gonakin yankin na tsawon makonni. Shi ya sa a yau sa ido kan tashar nukiliya ba ya tsayawa a katangarta. Tun kafin a kunna ta ake auna yankin a ajiye. Bayan ta fara aiki, ana auna iskar da ke fita ta bututunta da ruwan da take mayarwa teku ko kogi. Ana kafa na'urori a kewayenta, ana ɗibar ciyawa, nono, kifi da laka a kai ɗakin gwaji. Kowane ma'aikaci yana rataye da ɗan ma'auninsa, jikan kwanson Sievert, kuma ba ya fita sai ya bi ta ƙofar bincike irin wadda ta kaɗa a Forsmark.

Amfanin hakan ya bayyana bayan Chernobyl. Ruwan sama ya sauke sinadarin siziyom mai lamba 137 a yankin Gävle da wasu sassan arewacin Suwidin. Shi ayodin rabin ƙarfinsa yakan tafi cikin kwana 8, amma siziyom sai ya yi shekaru 30. Awo ne ya nuna inda abin ya fi ƙamari, ya sa aka hana sayar da naman dubban barewar gida ta makiyayan ƙabilar Sami, aka kuma bar wa sauran jama'a abincin da aka tabbatar da lafiyarsa.

Sievert ya yi ritaya a 1965, shekarar da aikin sa idon ya zama hukuma mai zaman kanta, almajirinsa Bo Lindell ya gaje shi. Ya rasu a ƙarshen 1966 yana da shekaru 70. Ban da kimiyyar tururi, mutum ne mai sha'awar tara ƙwari, kuma tarin nasa yana ajiye a jami'ar Lund.

A 1979 babban taron ma'aunai na duniya ya sa wa ma'aunin illar tururi sunan sievert. Sievert ɗaya awo ne babba, shi ya sa aka fi amfani da milisievert, wato kashi ɗaya cikin dubu. A matsakaici, mutum yana samun kimanin milisievert 2.4 a shekara daga halittar ƙasa da sama. Ƙa'idar ICRP ta ce bai kamata ayyukan nukiliya su ƙara wa mutumin gari fiye da milisievert 1 a shekara ba, ma'aikaci kuma kada ya wuce 20 a shekara idan aka raba a kan shekaru 5. Wanda ya sha sievert 4 zuwa 5 lokaci guda, in babu magani, tsakanin rai da mutuwa yake.

Nijar ba ta da tashar nukiliya, amma waɗannan alƙaluma ba baƙi ba ne a gare mu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma mahaƙar Akouta da aka rufe a watan Maris na 2021 ta bar tsibin miliyoyin tan na tarkacen ma'adini a jahar Agadas. Da milisievert ake lissafin abin da mahaƙi ya sha a cikin rami, da abin da mazaunin gari ke samu daga ƙura da ruwan rijiya, da shi kuma ake kare ma'aikatan da ke gasa sankara a Yamai. Tambayoyin da Sievert ya yi wa asibitocin ƙasarsa shekaru 100 da suka wuce su ne dai suka dace da waɗannan wurare: wa ke awon, sau nawa ake yin sa, kuma ana sanar da mutanen da abin ya shafa sakamakon?