Umaru Ganda, Mai Shirya Silima

An haifi Umaru Ganda a Yamai, babban birnin ƙasar Nijar, cikin shekara ta 1935. Shi Bazabarme ne. A zamanin nan ƙasar tana hannun Faransawa. Ya yi makarantar firamare a garinsu. Da ya kai shekara 16 sai ya shiga soja, aka kai shi yaƙi can gabas mai nisa, a yankin da ƙasar Biyetnam take.

Da ya komo gida ya nemi aiki, bai samu ba. Maimakon ya zauna yana kukan rashi, sai ya ɗauki hanya ya tafi Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa. Can ya shiga aikin dako a bakin teku, yana sauke kaya daga jiragen ruwa. Aiki ne mai wuya, lada kuwa kaɗan.

A nan ne Allah ya haɗa shi da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, sunansa Jean Rouch. Baturen nan ya ga hazaƙarsa, ya sa shi cikin wani silima mai suna Moi, un noir, watau Ni, Baƙin Mutum, wanda ya fito a 1958. Umaru ne babban ɗan wasa, da bakinsa kuma ya ba da labarin irin zaman da 'yan ci-rani suke yi a birni.

Bayan wannan ya koma Yamai, ya duƙufa ga koyon sana'ar, har ya iya. Silimansa na fari shi ne Cabascabo. Labari ne na wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da kuɗi a aljihu. Abokai da maroƙa suka kewaye shi, ya yi ta rabo. Ran da kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Daga ƙarshe ya koma gona. Umaru da kansa ya fito a matsayin sojan nan, gama ya san ciwon abin. A 1969 aka nuna shi a Faransa, aka kuma ba shi kyauta a Mosko.

Na biyu shi ne Le Wazzou polygame. A ciki wani Alhaji mai dukiya ya auri wata yarinya ba da sonta ba, alhali kuwa an riga an yi wa wani saurayi alkawarinta. Auren bai haifi kome ba sai kishi da baƙin ciki. A 1972, a babban taron silima na Afirka da ake yi a Wagadugu, wannan ne ya ci babbar kyauta, wadda ake kira Ingarman Yennenga. Umaru ne mutum na farko da ya karɓe ta.

Sa'an nan ya shirya Saïtane, a kan wani malamin tsibbu mai cin amana. A 1980 kuma ya fito da L'Exilé, wanda ya ɗauko daga tatsuniya, yana nuna nauyin cika alkawari.

Umaru ya rasu ran 1 ga Janairu, 1981, bai cika shekara 50 ba. Aka sa wa wani babban gidan al'adu a Yamai sunansa. A taron Wagadugu ma aka keɓe wata kyauta da sunansa, domin wanda ya fi gwaninta cikin masu shirya silimansu na fari.

To, yara, ku duba. Ɗan dako ne ya zama abin alfarma ga ƙasarsa. Labarin mutanensa ya bayar, da abin da idonsa ya gani, bai kuma ji tsoron faɗin gaskiya ga masu dukiya ba. Himma ba ta ga rago.

Tambayoyi
1. Wane aiki Umaru ya yi a Abijan?
2. Me ya sa abokan tsohon sojan nan suka watse?
3. Wace kyauta Umaru ya samu a 1972?