Waliyyi Isidoro Manomi, Majiɓincin Masu Aikin Gona

Kowace shekara ranar 15 ga watan Mayu, lokacin da damina ke ƙoƙarin sauka a ƙasarmu, manoma kuma suna gyaran garma da zaɓen iri, Ikilisiyar Katolika takan tuna da wani bawan Allah wanda bai taɓa zama fada ko bishof ba, bai rubuta littafi ba, ko gonar kansa ma bai mallaka ba. Sunansa Isidoro, mutumin ƙasar Sifen. Mun ga ya kyautu mu kawo tarihinsa, domin da yawa a cikinmu suna ɗauka tsarkin rai na masu ilimi ne da masu manyan riguna, talaka mai faso a ƙafa kuwa sai dai ya kalla daga nesa.

An haifi Isidoro a Madrid wajen ƙarshen ƙarni na 11. A zamanin nan Madrid ƙaramin gari ne a bakin kogin Manzanares, sai a shekara ta 1561 ya zama mazaunin sarki. Iyayensa matalauta ne masu tsoron Allah, suka raɗa masa sunan Waliyyi Isidoro na Sebil, bishof mai zurfin ilimi wanda ya rasu a shekara ta 636. Ba su da halin sa shi makaranta, amma sun koya masa addu'a da riƙon amana. Tun yana saurayi ya shiga aikin ƙodago a gonakin wani mai dukiya, Juan de Vargas, ya yi mafi yawan rayuwarsa yana yi masa huɗa da shuka da girbi.

Al'adarsa ita ce ya tashi da asuba ya tafi coci ya halarci Mas kafin ya kama shanun huɗa. Wannan ya jawo masa tsegumi. Abokan aikinsa suka kai ƙararsa wurin maigida cewa yana makara, yana cin hakkin mai gona da sunan ibada. Zargin ba ƙarami ba ne ga mutumin da abincin gidansa ya dogara ga wannan aiki. Tsohon littafin da ya adana labarinsa, wanda aka rubuta a ƙarni na 13, ya nuna cewa maigidan ya laɓe don ya gani da idonsa, sai ya hangi fararen shanu suna huɗa tare da Isidoro, da ya matso kuwa bai tarar da kowa ba sai baransa shi kaɗai. Masu bi sun fahimta cewa mala'iku ne. Abin lura a nan shi ne, da maigidan ya duba gonarsa bai iske ta a baya ba. Isidoro bai mai da addu'a mafakar lalaci ba, bai kuma bar aiki ya ƙwace masa lokacin Allah ba.

Ya auri wata mace mai suna Mariya, mai hali irin nasa, Allah ya ba su ɗa namiji. An ba da labari cewa wata rana yaron ya faɗa rijiya mai zurfi, iyayen ba su da igiya ko mai taimako, suka durƙusa suka roƙi Allah, ruwan ya taso har bakin rijiyar da yaron a kansa lafiya lau. Har yau ana nuna wata rijiya a gidan tarihi mai sunansa a Madrid domin tunawa da wannan al'amari.

Gidan nan na matalauta ne, amma ƙofarsa a buɗe take. Isidoro yakan komo da mayunwata a bayansa, Mariya kuwa ta saba ajiye tukunya a kan murhu saboda su. An ce ran nan ya zo da baƙi fiye da kullum, abinci ya ƙare, ya roƙe ta ta sake duba tukunyar, ta duba ta tarar da abin da ya ishi kowa. Tausayinsa ya kai har ga dabbobi. A wata ranar hunturu da ƙanƙara ta rufe ƙasa, yana kan hanyar kai alkama wurin niƙa, ya ga tattabarun daji suna fama da yunwa, ya kwance buhu ya zuba musu, abokin tafiyarsa yana yi masa ba'a. Da aka niƙa ragowar, garin bai kasa ba. Duk waɗannan labarai abu ɗaya suke koya mana: mutumin nan bai jira sai ya wadata kafin ya yi kyauta ba.

Isidoro ya rasu wajen shekara ta 1130, aka binne shi a makabartar cocin Waliyyi Andarawus a Madrid, kamar kowane talaka. Bayan shekaru da yawa aka buɗe kabarin aka tarar jikinsa bai ruɓe ba, mutanen gari suka riƙa zuwa neman roƙonsa. Paparoma Bulus na 5 ya sa shi cikin masu albarka a shekara ta 1619. Ranar 12 ga Maris, 1622, Paparoma Giregori na 15 ya ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi, rana ɗaya da Ignatiyus na Loyola, da Faransis Zabiya, da Teresa ta Abila, da Filibus Neri. Mu duba wannan jeri da kyau. Akwai wanda ya kafa babbar ƙungiyar firistoci, akwai wanda ya kai bishara Indiya da Japan, ga kuma ɗan ƙodago a tsakiyarsu, Ikilisiya ba ta sa shi a baya ba. Matarsa ma an sa ta cikin masu albarka a shekara ta 1697, ana tunawa da ita ranar 9 ga Satumba, manoman Sifen kuma sun daɗe suna neman roƙonta a lokacin fari. Jikin Isidoro yana kwance a cocin da ke ɗauke da sunansa a Madrid, inda aka yi bikin cika shekara 400 da zamansa waliyyi a 2022.

To, mu fa? Idan damina ta kankama, kujerun cocinmu na ƙauye sukan ragu, domin muna cewa ciyawa ba ta san Lahadi ba. Wasu daga cikin samarinmu suna jin kunyar a kira su manoma. Wasunmu kuma rumbu cike, amma gwauruwar da ke makwabtaka da mu tana kwana da yunwa a watan Agusta. Rayuwar Isidoro ta amsa mana waɗannan duka. Mu fara yini da addu'a tare da iyalinmu, mu riƙe amanar wanda ya ɗauke mu aiki, mu biya wanda ya yi mana aiki hakkinsa a kan kari, mu raya gayya domin gonar marar lafiya da ta tsoho kada ta kwana cikin ciyawa.

Bari Allah, ta wurin roƙon Waliyyi Isidoro da matarsa Mariya, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonakinmu da gidajenmu, ya ba mu zuciyar rabawa da mabukata. Amin.