Alhaji Umaru na Kete-Karaci, Malamin da Ya Adana Mana Labarin Allura da Zare

   

Bana da aka ce ajinmu ya rubuta tarihin wani daga cikin magabata, mun zaɓi Alhaji Umaru na Kete-Karaci. Abin da ya kai mu gare shi kuwa wata tsohuwar riga ce. Bayan Babbar Sallah wani ɗan ajinmu ya zo da rigar kakan babansa, wadda ta daɗe a ƙasan akwati. Shuɗiya ce mai ɗigo-ɗigo kaman jikin zabo, ga nauyi, ga aiki ya rufe ƙirjinta tun daga wuya har ƙasan aljihu. Muka yi ta juya ta, amma wallahi duk cikinmu babu wanda ya iya faɗin sunan ko zane ɗaya da ke jikinta. Muka kai wa teloli a bakin titi, suka yaba, suka ce wannan ba aikin keke ba ne. Sai wani tsoho mai sayar da huluna ne ya gaya mana sunan yadin saƙi, sunan aikin kuma aska takwas. Da muka dawo makaranta, malaminmu ya ce ai akwai wani babban malami da ya zauna a ƙasar nan tamu ta Gana, wanda ya rubuta labarin irin waɗannan sana'o'i tun fiye da shekara ɗari. To shi ne muka bi sawunsa.

Cikakken sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. A littattafan Larabci ana ƙara masa al-Kabbawi, al-Kanawi, al-Salgawi, sabida asalin gidansu Kabi ne, a Kano aka haife shi, ya kuma zauna a Salaga. A Najeriya an fi saninsa da Alhaji Umaru Salaga, Turawa kuma suna ce masa Imam Imoru. An haife shi wajen shekarar 1858. A Kano ya fara karatun allo kaman yadda kowannenmu ya fara, daga baya ya nufi ƙasashen Sakkwato da Kabi don neman ƙarin ilimi. Mahaifinsa falke ne mai bin hanyar Gwanja.

Kanon da aka haife shi a ciki garin tufafi ne. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin yake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ce ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Riga ɗaya takan bi ta hannun mutane da yawa kafin ta hau jikin mai ita. Mata ne suke gurzar auduga, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa siraran ƙyallaye waɗanda faɗinsu bai wuce 'yan yatsu ba. Marina su tsoma a cikin baba, irin su marinar Ƙofar Mata da ke Kano har yau, da na garin Kura da ya yi suna wajen turkuɗi. Maɗinka su harhaɗa ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya har su zama riga. A ƙarshe mabuga su buge ta a kan gungume har ta yi sheƙi.

Amma abin da yake ɗaga darajar riga shi ne aikin da ke ƙirjinta. Da farko mai zane ne yake fitar da siffar aikin a jikin yadin, da alƙalamin kara da tawada, irin dai waɗanda muke rubutun allo da su. Shi zai zana askake, wato dogayen siffofi masu tsini da suke gangarowa daga wuya ta gefen aljihu. In biyu ne a ce aska biyu, in takwas ne aska takwas, akwai kuma aska tara. Zai zana tambari, wani da'ira mai murɗewa a ɗaya gefen ƙirji da kuma baya. Zai zana gidan biyar, wanda duk ɗalibin da ya taɓa ganin hatimi zai ga kamarsu. Sannan mai allura ya zauna ya cike zanen. Wani wuri ɗinkin sarƙa zai yi, wani wuri ya kwantar da zare ya ɗaure shi da ƙananan ɗinki, wani wuri kuma ya huda 'yar ƙofa ya kewaye bakinta da zare, ya sake huda wata kusa da ita, har su kai dubbai. Babbar riga takan ci watanni a hannun mutum ɗaya.

Zaren ma iri-iri ne. Akwai na farar auduga. Akwai tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa mai zama a itatuwa irin su tsamiya. A dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa, ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai ɗan haske. Akwai kuma alharini, jan siliki da ake ɗaukowa a raƙuma daga Tarabulus ta cikin Sahara, wanda ake yi wa manyan riguna shafi da shi. Irin waɗannan riguna ne sarakuna suke ba wanda suka naɗa ko wanda suke so su girmama. Nufawan Bida su ma sun yi fice a wannan aiki ƙwarai.

Ga abin da ya fi taɓa mu. Yawancin masu zane da masu aikin allurar nan malamai ne da almajirai. Da safe karatu, da rana a zauna a zaure ko ƙarƙashin itace ana ɗinkin hula ko aikin riga, ana tilawa a baki, allura tana tafiya a hannu. Da wannan suke ci, da shi suke sayen takarda, ba sai sun miƙa wa kowa hannu ba. A cikin irin wannan duniya Umaru ya buɗe ido.

Tun yana saurayi yake bin ayarin fatake zuwa Salaga. Tafiya ce ta watanni, da jakuna, madugu yana gaba, a ƙetare kogin Kwara, a bi ta ƙasar Borgu da Sansanin Mango da Yendi. Suna tahowa da riguna da rawuna da kanwa da kayan fata, su koma da goron da ya fito daga dazukan Asante. Kada mu ɓoye, a kasuwar Salaga ta wancan zamani har bayi ake sayarwa, Allah Ya kyauta. Ta wannan hanya ce rigunan Kano da na Nufe suka shigo ƙasar nan, kuma zangunan da fatake suke sauka su ne asalin sunan Zango da muke kiran unguwanninmu da shi a nan Ankara, wato Accra.

A shekarar 1877, bai wuce shekara ashirin ba, ya rubuta littafinsa na farko da Larabci, al-Sarhatul Wariƙa, mai koya wa mutane yadda ake tsara wasiƙa. Daga baya an buga shi a Alƙahira. Kun ga kenan da kaɗan ya girme mu lokacin da ya yi wannan aiki, kuma abin da ya zaɓa ya fara da shi abu ne da fatake da sarakuna suke buƙata kullum.

Ya zauna a Salaga yana karantarwa. A can ya haɗu da wani Bajamushe mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari suke kira Malam Musa. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu neman sarautar Kpembe, Salaga ta watse, fatake da malamai suka fantsama. Wasu suka yi Yeji, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku. Malam Umaru ya yi waƙar Larabci a kan wannan musiba mai suna Tanbihul Ikhwan. Daga baya ya koma Kete-Karaci a bakin kogin Volta, inda Jamusawa suke mulki a lokacin, har ya zama limamin garin.

A Karaci ne aikin da ya shafi rigarmu ya faru. Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906, ya riƙa karatu a wurinsa, ya kuma nemi ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa. Malam ya zauna ya rubuta da ajami. Bai tsaya kan sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai ba, ko da yake ya rubuta su. Ya shiga gona, ya shiga kasuwa, ya shiga wurin masu sana'a. Ya yi bayanin noma da fatauci, da auduga da saƙa da rini da ɗinki, da irin tufafin da mutane suke sawa. Babban malami ne mai fiƙihu da lugga, wanda har ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, amma bai ga aikin masaƙi ko na maɗinki ya yi ƙanƙanta da alƙalaminsa ba. An buga wani sashe na wannan rubutu a birnin Balin a 1942. A 1973 kuma wani ɗalibi mai suna Douglas Ferguson ya fassara shi zuwa Turanci don digirinsa na dakta a wata jami'a a Amurka. Har yau masu binciken tarihin tufafin Afirka ta Yamma suna komawa ga maganarsa, sabida shi ɗan gida ne da ya ga abin da idonsa.

Zamansa da Turawa bai rufe masa baki ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda mutane suke wulaƙanta wanda ba shi da komai, su girmama mai abin hannu. Duk wanda ya taso a Zango ya san wannan magana ba ta tsufa ba.

A 1913 ya tafi aikin Hajji. Kafin ya dawo yaƙin duniya na farko ya tashi, Ingilishi sun karɓe Karaci daga hannun Jamus. Da annobar mura ta 1918 ta shigo ta kashe mutane da yawa, ita ma sai da ya rubuta ta a waƙa. Ya ci gaba da limanci da karantarwa, ɗalibai suna zuwa masa daga nesa, suna komawa zangunan ƙasar nan suna buɗe makarantu. Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Karaci a shekarar 1934.

Bayan shekara talatin da 'yan kai aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika ya shanye tsohon garin Kete-Karaci, aka gina sabo a tudu. Kasuwar da ya sani da lungunan da ya bi duk suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Rubutunsa kuwa ya tsira. Da yawa daga cikin waƙoƙinsa da littattafansa suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, cikin rubuce-rubucen Larabci da aka tattara a shekarun 1960. Daga Maamobi zuwa can ba nisa, amma da yawanmu ba mu taɓa jin labarin ba sai bana.

'Yan uwa, ga inda maganar ta dawo kanmu. Yau in Sallah ta matso, teloli a Nima ba sa barci, keke yana ta kuka har asuba, wasu ma kwamfuta ce take fitar musu da aikin wuya cikin ɗan lokaci. Ba mu ce wannan laifi ba ne, da shi iyayenmu da yawa suke biya mana kuɗin makaranta. Amma masu aikin hannu sun yi ƙaranci, yawancinsu tsofaffi ne, kuma in ka tambayi yaro ko zai koyi ɗinkin hula sai ya yi dariya, wai aikin mutanen da ne. Wasunmu ma gani suke wanda ya yi karatun Larabci bai kamata a gan shi da allura ba. To ai magabatan da muke karanta littattafansu da allurar nan da yawansu suka ci abinci.

Sabida haka ajinmu ya ɗauki alkawari biyu. Na farko, kowa zai je wurin wani tsoho ko tsohuwa a gidansu ko a lungunsu, ya tambayi sunayen zane da zare da ɗinki, na riga da na hula da na kayan ɗakin amare, ya rubuta a littafi da boko ko da ajami. Na biyu, muna roƙon malamanmu da iyayen makaranta su samo mana wani mai aikin hannu da zai riƙa zama da mu ko sau ɗaya a mako, maza da mata, ranar da babu karatu. Iyayenmu kuma muna roƙonku, in akwai tsohuwar riga a akwati, kada a bar ta ga asu, kada a yanka ta a yi tsumma. Ku fito da ita ku gaya mana wa ya sa ta, daga ina ta zo.

Rigar abokinmu mun mayar wa gidansu, an naɗe ta cikin farin ƙyalle, tare da takardar da muka rubuta sunayen da muka koya a jikinta.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da Aljanna Firdausi. Allah Ya jiƙan kakanninmu da suka taka hanyar Gwanja, Ya ƙara wa malamanmu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani da sana'a ta halal. In mun yi kuskure a gyara mana, mu ɗalibai ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.